Tsakanin Ƙofar Jami'a da Agbowo: Matsayin Unguwa a Rubuce-rubucen Ɗalibanmu

Gabatarwa

Duk wanda ya fito ta babbar ƙofar Jami'ar Badun, abin da zai fara cin karo da shi shi ne titin da ya taso daga Sango ya miƙe zuwa Ojoo. A ƙetaren wannan titi unguwar Agbowo take. Tsallakawar ba ta cin minti biyu, muddin mutum ya iya kauce wa 'yan acaɓa da ƙananan tasin nan ƙirar Micra, waɗanda ba sa tunawa da birki sai sun hango fasinja. Ɗalibanmu da yawa a can suke haya, a can suke cin abinci, a can ake yi musu aski da ɗinki, kuma a can suke kai kundin digirinsu a buga a ɗinke. Amma da muka zauna muka bi abin da wannan mujalla ta buga a 'yan shekarun nan, wato gajerun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, sai muka lura da wani abin mamaki. Ƙafar ɗalibi tana tsallaka titin nan safe da yamma, alƙalaminsa kuwa da wuya ya tsallaka.

Galibin labaran da ake kawo mana a ɗayan wurare uku suke aukuwa. Ko dai a wani katafaren gida na unguwar masu hannu da shuni a Kano ko Abuja, mai falo uku da motoci a jere. Ko a wani ƙauye marar suna, mai rafi da kuka da budurwa ɗauke da tulu. Ko kuwa a cikin harabar jami'a, inda saurayi zai yi karo da budurwa a ƙofar ɗakin lacca, littattafanta su zube, ya durƙusa ya tattara mata. Sau da yawa wanda ya rubuta labarin gida mai falo uku a ɗaki ɗaya yake kwana da abokansa, a irin gidan hayar nan mai ɗakuna suna kallon juna, kuma da asuba yake bin layin rijiya. Ba mu ce dole ne marubuci ya tsaya ga abin da ya faru gare shi ba, domin in da haka ne da ba a kira abin ƙagaggen labari ba. Tambayarmu ita ce, me ya sa wurin da ɗalibi ya fi sani shi ne wanda yake ganin bai isa shiga labari ba? Abin da wannan 'yar maƙala za ta yi ƙoƙarin dubawa ke nan. Ba za mu ambaci sunayen marubutan ba, domin har yanzu almajirai ne, kuma su da abokansu za su gane inda aka dosa.

Alƙalami mai fuskantar gabas

Kafin mu ɗora wa yaran laifi, ya kamata mu tuna cewa gado suka tarar. Littattafan da suka fito daga gasar 1933, wadda Rupert East ya shirya, su ne tubalin ƙagaggun labaran Hausa na boko, kuma yawancinsu labaran tafiya ne. Tauraron Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya bar Kwantagora ya shiga duniya, garuruwan da ya ratsa kuwa zango-zango ne kawai, inda za a ci wani da wayo a ƙara gaba. Ganɗoki na Bello Kagara gabas ya nufa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa an ƙetara da shi Sahara zuwa ƙasar Larabawa. Hatta Magana Jari Ce, a wata ƙasa ta gabas aka kafa fadar da aku yake zuba labaransa. Tun daga nan alƙalamin Bahaushe ya saba fuskantar gabas kamar liman.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da ake rubuta waɗannan littattafai, ɗimbin Hausawa kudu suka fuskanta. Layin dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, kuma a 1912 ya haɗe da Kano. Shanu suna gangarowa, goro yana hawa. Wannan zirga-zirga ta Kurmi, wadda ta ciyar da gidaje ba iyaka a birane da ƙauyukan Arewa, ba ta samu babban gurbi a zubenmu ba.

Da birni ya shigo labari sosai, sai ya shigo a matsayin tarko. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna yadda ɗan ƙauye yake barin gona ya zo birni ya faɗa hannun miyagun abokai. Littafi ne mai ƙarfi, kuma ya yi aikin da marubucinsa ya sa shi, amma waɗanda suka kwaikwaye shi sun ɗauki gargaɗin suka bar birnin. Daga baya kuma littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990, sun kawo sunayen unguwanni na gaske cikin labari. Wannan ci gaba ne, ko da masu sukarsu ba su so faɗa ba. Sai dai a hannun masu ƙaramin ƙarfi daga cikin marubutan, sunan unguwa ya zama shaidar aljihu kawai: an ambaci wannan unguwa, mai karatu ya san yarinya 'yar masu kuɗi ce, an ambaci waccan, ya san saurayi talaka ne. Shi ke nan aikin unguwa ya ƙare tun a shafin farko.

Makaɗa sun fi marubuta buɗe ido ta wannan fuska. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe karen mota, mutumin da kowa yake gani a tasha amma ba wanda ya ɗauka abin waƙa ne. Bai jira sai ya ga sarki ba.

Abin da ke ƙetaren titi

Ita kanta jami'ar nesa da gari aka gina ta, kuma da gangan. An buɗe ta a 1948 a matsayin kwaleji mai alaƙa da Jami'ar Landan, da ɗalibai 104, a wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele. Sarakunan Badun suka ba da fili mai faɗin fiye da eka 2,500 a kan jinginar shekara 999, aka komo mazaunin yanzu a 1952, aka kuma sami cin gashin kai a 1962. Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen farko, sun tsara wuri ne da ɗalibi zai kwana, ya ci, ya yi karatu, ya yi ibada, ba tare da ya buƙaci gari ba. A wancan zamani daji da gonaki ne suka raba kwalejin da birni. To, amma birni ba ya zama wuri ɗaya. Ya tako a hankali har ya jingina da katanga: Agbowo ta gaba, Orogun da Ojoo ta arewa, Samonda da Sango da Bodija ta kudu. Ɗalibai suka yi yawa, ɗakunan kwana na ciki suka kasa ɗaukar kowa, unguwa ta ɗauki sauran. Yau jami'a da unguwa sun zama kamar ɗan Adam da inuwarsa, amma a rubuce-rubucenmu har yanzu dajin 1952 yana nan tsakaninsu.

Ga ɗalibin Hausa kuwa asarar ta ninka, domin harshen da yake nazari a aji yana yawo a waɗannan unguwanni da ƙafafunsa. Mai shayi da mai tsire da mai yankan farce da ɗan ga-ruwa da mai gyaran takalmi, duk suna nan a bakin ƙofa. A kasuwar Bodija, wadda aka buɗe a 1987, manyan motoci suna sauke wake da shinkafa da gero da dawa daga Arewa. A Sasa, gaba da Ojoo, tumatir da attarugu da albasa ake saukewa. Kasuwar shanu tana Akinyele. Sabo kuma, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916 a gefen Mokola, ta haura shekara ɗari, ma'ana akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Waɗannan ba 'yan ci-rani ba ne. Badun ce garinsu, ko da kuwa in an tambaye su za su ce su Kanawa ne ko Katsinawa.

Abin takaici shi ne, bayanin da ya fi zurfi a kan rayuwar Sabo baƙo ne ya rubuta shi, kuma da Ingilishi. Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. A ciki ya feɗe yadda cinikin shanu yake tafiya a wancan lokaci. Falke zai kawo shanunsa daga Arewa ya sauka a wurin maigida. Maigida zai ba shi masauki da abinci, dillalansa su sayar da shanun ga mahauta Yarbawa, kuma bashi ake bayarwa. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, in ba haka ba sunansa ya ɓaci, ba wanda zai sake sauka a gidansa. Dukiya mai yawa tana wucewa daga hannu zuwa hannu, babu takardar yarjejeniya, babu banki, sai amana da sanin halin mutum. Ya kuma nuna yadda mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, suka ware masallacinsu na Juma'a, da yadda wannan ya ƙara ɗaure su wuri ɗaya a lokacin da siyasar jam'iyyu take neman kwance su.

Mai neman jigo, ga jigo nan a zube. Maigidan da mahaucinsa ya gudu da kuɗin shanu goma, falke kuma yana zaune a zaure yana jira. Ɗan maigida da ya shiga jami'a yana jin kunyar sana'ar da take biyan kuɗin makarantarsa. Bayarabiyar da aka aura aka shigo da ita unguwa. Cohen masanin zaman jama'a ne, aikinsa ya tsaya ga tsari da dalili. Abin da maigidan nan yake ji a ransa da dare, wannan aikin mai ƙaga labari ne, kuma ɗalibanmu ba su taɓa shi ba tukuna.

Ba za mu wuce ba sai mun tuna wa masu karatu cewa a wannan gari an taɓa yin marubutan da suka tsallaka. Mujallar ɗalibai ta The Horn, wadda J. P. Clark ya fara shiryawa a 1958, a cikin harabar kwaleji aka haife ta. Amma da aka tashi kafa ƙungiyar Mbari a 1961, su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da Ulli Beier cikin gari suka kai ta, a Dugbe, tsakiyar hayaniyar kasuwa.

Waɗanda suka tsallaka

A cikin abin da muka duba, ayyuka uku ne suka sa unguwa a gaba da gaske, kuma su ne za mu tsaya a kansu.

Na farko gajeren labari ne a kan wani ɗalibi da kuɗinsa suka ƙare ana tsakiyar jarrabawa, da wani mai shayi na Agbowo da ya riƙa ba shi shayi da burodi bashi har ya gama. Marubucin ya iya siffantawa. Mun ga teburin da gwangwanayen madara a jere kamar hasumiya, mun ji ƙarar cokali a kofi, mun ga yadda ake ɗaga hannu sama a tsiyayo shayi daga wannan kofi zuwa wancan don ya huce. Har nan babu laifi. Matsalar ita ce mai shayin kansa. Ba shi da suna, Malam kawai ake ce masa. Ba mu san garinsu ba, ba mu san ko yana da iyali ba, ba mu san inda yake kwana ba in ya naɗe teburinsa. Duk lokacin da ya buɗe baki karin magana ce take fitowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya haɗiye littafin karin magana na firamare. Mutumin da yake sayen burodi da kuɗi hannu, yake biyan kuɗin wurin zama, yake aika wa gida abin da ya samu, ba zai ciyar da ɗalibi mako uku ba tare da abin ya taɓa jarinsa ba. A nan labarin yake, a wannan ciwon da ya ji ya daure. Marubucin ya cire ciwon, saboda haka alherin ya zama marar nauyi. A ƙarshe ɗalibin ya zama babban ma'aikaci ya dawo da mota ya saka wa mai shayi, wanda ya tarar a wurin da ya bar shi, da kofinsa a hannu, kamar an dasa shi. Mai shayin nan an ƙirƙire shi ne don ɗalibi ya nuna halin kirkinsa. Masu raina shi a titi suna kiran sa aboki ko mola, ba su damu da sunansa ba. Marubucinmu ya girmama shi, amma shi ma bai tambayi sunan ba.

Na biyu waƙa ce 'yar ƙwar biyar a kan rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021. Mai karatu zai tuna cewa abin ya faro ne daga sa-in-sa a kan tumatirin da ya zube a ƙofar wani shago, aka yi rashin rai, daga nan wuta ta tashi. An kashe mutane, an ƙona shaguna da gidaje na Hausawa da na Yarbawa, gwamnatin Jihar Oyo ta rufe kasuwar ta sa dokar hana fita, jama'a da yawa suka fake a gidan Sarkin Sasa, wasu gwamnonin Arewa suka zo jaje. Kafin watan ya ƙare, masu fataucin abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Duk wannan ya faru ne a wurin da tasi ɗaya zai kai mutum daga ƙofar jami'a.

Ta fuskar tsari, waƙar ba ta da makusa. Ta buɗe da yabon Ubangiji da salati, karinta bai karye ba, amsa-amonta na ciki da na waje sun zauna daram, kuma sha'irin ya san inda ake sa kamantawa. Amma mun yi mata wani gwaji. Mun cire sunan Sasa daga baitocin da ya fito, muka sa sunan wani gari da aka taɓa yin rikici, sai waƙar ta zauna lafiya, ko ɗango ɗaya bai yi gardama ba. Akwai jini, akwai hawaye, akwai marayu da zawarawa, akwai azzalumai. Babu kwandon tumatir. Babu ɗan dako. Babu matan nan da suke sammako su sari kaya su kai ƙananan kasuwanni, waɗanda suka san dillalinsu da suna shekara da shekaru. Yarbawa a waƙar taro ne marar fuska, su kawai ake ce musu. Mun san sha'irin cikin zafin rai ya rubuta, kuma zafin nan halal ne, domin 'yan uwansa aka kashe. Amma waƙar da ta manta cewa waɗanda suka yi faɗan maƙwabta ne, masu bin juna bashi, masu zuwa sunan juna, ba ta gaya mana abin da aka yi asara ba. Yaron da zai karanta ta a Gusau ko Azare zai tashi da sanin cewa akwai wasu mutane a Kudu da suke ƙin mu, ba zai san kome ba bayan wannan. Shi ya sa muke ganin maganar unguwa a adabi ta wuce maganar ado.

Na uku shi ne wanda ya sa muka ɗauki alƙalami. Wata ɗaliba haifaffiyar Sabo ce ta rubuta shi, kuma a kan wancan rikici ne shi ma, sai dai ba ta kai mu kasuwa ba ko sau ɗaya. Tauraruwar labarin tana haya a Agbowo, a gidan wata tsohuwa Bayarabiya mai injin markaɗe. Rabin farko na labarin ba kome a cikinsa sai ƙananan rigingimun gidan haya: wa ya bar guga a cikin rijiya, yaya za a raba kuɗin wuta tsakanin mai firiji da marar firiji, me ya sa yarinyar take tashin mutane da alwalar asuba. Tsohuwar, wadda kowa yake kira Iya, ba ta da daɗin baki. Ranar da labarin Sasa ya iso, sai ta rufe ƙofar gida da kwaɗo tun la'asar, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar, ba ta ce wa kowa kome ba. Da safe ta ƙwanƙwasa ɗakin yarinyar ta tuna mata cewa kuɗin haya ya wuce da wata biyu.

Wannan ƙwanƙwasawar ita ce gwanintar labarin. Marubuci mai ƙaramin ƙarfi da ya sa tsohuwar ta rungume yarinyar tana kuka, ta yi jawabi a kan zaman lafiya da haɗin kan ƙasa. Ita kuwa wannan ta bar Iya a yadda take, mai son kuɗinta, mai tsare wanda yake ƙarƙashin rufinta, kuma ba ta ga wani saɓani tsakanin biyun ba. Mai karatu ya yarda da kwaɗon saboda ya yarda da kuɗin hayar.

Sai kuma zancen littafin bashi. Mahaifin yarinyar dillalin tumatir ne, kuma littafin da yake rubuta sunayen matan da suka ɗauki kaya bashi ya ƙone tare da rumfarsa. Masu kaya a Arewa suna jiran kuɗinsu, shi kuwa ba shi da shaida a kan kowa. Bayan kwanaki, wata daga cikin matan ta biyo shi har Sabo da kuɗin ƙulle a bakin zane. Wata kuma, wadda ya fi yarda da ita, ta ce ba ta san zancen ba. Ba mu da tabbacin ɗalibar ta karanta Cohen, kuma ba ta buƙata. Abin da ya bayyana da dogon nazari game da amana, ita ta nuna shi a shafi biyu, ta kuma nuna abin da nazari ba ya iya nunawa, wato fuskar dattijo lokacin da yake ƙirga kuɗin da bai zaci za su dawo ba, yana jin kunyar ƙirgawa a gaban wadda ta kawo.

Labarin yana da rauninsa. Shafin ƙarshe ya yi tsalle ya kai mu Abuja, inda yarinyar ta auri likita, ta gina wa mahaifinta gida. Wannan ƙarshe aro ne daga littattafan da ta saba karantawa, kuma bai dace da jikin labarin ba, kamar hular sarki a kan ɗan dako. Da ta tsaya a wurin ƙirgar kuɗin, da ya fi.

Maganar bakin mutane

Saura magana ɗaya, kuma a nan mu ma muna da laifi. Wanda duk ya shigo da unguwa cikin labari dole ya yanke shawarar yadda mutanenta za su yi magana, domin a Agbowo da Bodija harsuna huɗu ne suke cuɗanya a ciniki ɗaya: Yarabanci da Hausa da Ingilishi da Burokan. Al'adar da muka gada daga wasannin kwaikwayo na rediyo da talbijin da finafinai ita ce, da zarar Bayarabe ya buɗe baki sai a sa masa gurɓatacciyar Hausa don a yi dariya. Ɗalibanmu sun ɗauki wannan ba tare da tunani ba, har ma a inda Bayarabiya take magana da 'yarta a cikin ɗakinta. To, da wane harshe take magana a nan? Da Yarabanci, kuma ta iya shi kamar yadda kakarmu ta iya Hausa, da karin maganarsa da habaicinsa. In za a kawo maganarta cikin Hausa, to da tsabtatacciyar Hausa ya kamata a kawo ta. Gurɓatacciyar Hausa tana da wuri ɗaya ne kawai, wato inda matar take ƙoƙarin yin Hausa da gaske, a gaban mai albasa. Marubuciyar labarin littafin bashi ta gane wannan. Iya tana da Hausa biyu a labarin: mai kyau in tana Yarabanci, mai ɗingishi in tana Hausa.

Inda muka yi kuskure shi ne Hausar Sabo. Lokacin da labarin ya zo hannunmu, mun tarar yaran unguwar suna magana da wata Hausa mai gauraye da kalmomin Yarabanci, wani lokaci jinsi yana sauya wuri, wasu kalmomin kuma ba a cikin ƙamus suke ba. Muka ɗauki jan biro muka mayar da kowa Bakano. Mun yi haka da kyakkyawar niyya, domin aikinmu ne koyar da daidaitacciyar Hausa, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla a aji suka koyi harshen. Amma akwai wani wuri a labarin da yarinyar ta je ganin dangi a Arewa, 'yan uwanta suka yi ta dariyar Hausarta suna kiran ta Bayarabiya, alhali a Agbowo Gambari ake ce mata. Bayan gyaranmu wannan wuri ya rasa ma'ana, domin mai karatu bai ga abin da ake yi wa dariya ba. Mun goge shaidar da labarin ya dogara a kanta.

Ai kuwa cuɗanyar nan ba yau ta fara ba. Ashana da agogo da akawu da agushi da alala duk daga Yarabanci muka karɓo su, kuma ba wanda yake jan biro a kansu yanzu. Su ma in mai sayayya ya nemi jara a Bodija, gyaranmu yake nema. Marigayi Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana riƙe da masu sauraro da Hausar bariki a wasan Samanja, ba wanda ya ce ya ɓata harshe, domin kowa ya san bakin soja yake kawowa. Ƙa'idar da muke ganin ta dace ita ce, muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, bakin taurari kuwa a bar wa kowa nasa, muddin marubuci da kunne ya ji shi, ba ƙirƙira ya yi don raha ba.

Saboda haka mun nemi izinin marubuciyar, mun sake buga labarin a ƙarshen wannan fitowa, da maganganun mutanen Sabo kamar yadda ta rubuta su tun farko. Abin da muka taɓa kawai shi ne ƙugiyar haruffa da rabin kalmomi. Mun ba ta shawarar ta cire shafin Abuja, ta ce tana son mahaifin ya huta, muka bar mata.